Kwalaben da ke Ƙarƙashin Randa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, Mai Unguwa Baba Ɗantani, Allah ya ja da ranka. Liman Malam Jibrin, Allah ya gafarta malam. Dattawan unguwa da ke zaune a inuwar zaure, Allah ya ƙara girma. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na ƙungiyar masu kiwo ta Soron Ɗinki. Baƙuwarmu Malama Larai ta ɗakin gwaje-gwajen cutar dabbobi, wadda ta ratso shingayen bincike da kaya niƙi-niƙi don ta zauna tare da mu. Da ku da kuke leƙe ta saman katanga, ba ku shigo ba kuma ba ku tafi ba, ina gaishe ku duka.

Na gode da aka ba ni dama in yi magana kafin a yanke hukunci. Ni ce Hajo, matar marigayi Malam Nata'ala baduku. Bokona bai wuce aji huɗu ba, ban kuma taɓa tsayawa gaban jama'a haka ba. In kun ji muryata na rawa ku yi mini uzuri. Ba zan ja ba, na san kowa yana duban rana, yana so ya shiga gida kafin dokar hana fita ta kama.

Abin da ya tara mu sananne ne, amma gara in faɗa da bakina. An kai ƙara wurin Mai Unguwa cewa ina ajiye da abin tsoro a ɗakina: kwalabe ɗaure da zare, ja da baƙi da kore, jere ƙarƙashin randa. An ce 'yata, Allah ya ji ƙanta, ta bi gidaje tana ɗibar kashin tumaki, kuma duk gidan da ta ɗiba sai mutuwa ta shiga turkensu. An ce ta tafi ta bar mini aikin ina ci gaba da shi. Yau za a yanke ɗaya cikin biyu: ko a fasa kwalaben a binne, a hana Malama Larai sake shiga gidan kowa, ko a buɗe mata ƙofa ta ƙarasa abin da 'yata, abokiyar aikinta, ta fara. Kwalaben ga su nan cikin kwando a gabana, na rufe da zane. Ban ɓoye ko ɗaya ba.

Maganata ta farko a kan yarinyar ce, da irin aikin da take yi.

Kun san ta. 'Yar fari ce, shi ya sa ba ku taɓa jin sunanta a bakina ba. A gabanku ta tashi, a gabanku ta yi karatu, har ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Da gari ya rikice, yau a rufe wannan hanya gobe a rufe waccan, sai ta roƙi manyanta suka ba ta aron tsohon madubin likita na ganin ƙananan halittu, irin wanda ba ya buƙatar lantarki, hasken rana yake sha. Ta kawo shi gida ta kafa a bakin taga. Tun daga nan rabin aikinta a ɗakina take yi, ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafa ina kallo.

Ga yadda take yi. Ta samo kashin rago sabo, ta murmushe, ta gauraya da garin katako, ta yayyafa ruwa, ta zuba a kwalba ta rufe sama-sama. Na ce mata, “Ke yanzu duk karatun nan a kan kashin tumaki ya ƙare?” Ta yi dariya ta ce, “Inna, asusu ne. Ki jira ki ga abin da zai fito.”

Bayan kwanaki ta kira ni, ta ɗaga kwalbar ta saitin taga. Jikin gilashin ya yi gumi. Cikin gumin nan na ga wasu siraran layuka farare, kamar an ja da bakin allura, daga ƙasa suna yin sama. Na zaci zanen ruwa ne. Sai na ga layin ya lanƙwasa. Ba iska a ɗakin, ba wanda ya girgiza kwalbar, layin ya lanƙwasa da kansa ya nufi inda haske yake. Ta ce, “'Ya'yan tsutsa ne, Inna, dubbai, sun haɗu suna hawa. A waje haka suke hawa tsinken ciyawa da raɓar safe, su tsaya a can ƙoli su jira rago.”

Na ce, “Me suke ci a ciki?”

Ta ce, “Ba sa cin komai. A wannan girman bakinsu a rufe yake. Ba ci, ba sha, sai jira. In da sanyi da ɗan ruwa, sai su yi watanni a haka.”

Jama'a, wannan magana ba ta bar ni ba har yau.

Daga nan sai ta ƙulle gaurayen a ƙyalle, ta sa a mazurari mai ruwan ɗumi, su kuma su sulalo ƙasa ta tare su. Tana da wani farantin roba mai ramuka jere, kamar tandar waina, sai dai ramukan ba su fi kan yatsa ba. A ramin farko ruwa zalla. A na biyu ruwa da ƙiris na maganin tsutsa. Kowane rami na gaba ya fi na bayansa ƙarfin magani, har zuwa na ƙarshe, wanda ta ce ya ninka abin da ake ba rago. Sai ta ɗiga 'ya'yan tsutsar a kowane rami, ta rufe, ta bari su kwana, sannan ta duba a madubi. Wadda magani ya ci, za ka gan ta a miƙe sambal kamar allura. Wadda bai ci ba tana nan tana murɗawa. Aikin ke nan gaba ɗaya. Tana so ta san ko maganin da muke saye yana kashe su har yanzu. Ba layu, ba turare, ba kiran sunan kowa.

Wani hantsi tana duba farantin a madubi. Na ɗaga kai na ga ta janye ido daga madubin, ta dafe baki. Na ce lafiya? Ta ce, “Zo ki gani.” Ta sa ni na rufe ido ɗaya na leƙa. Ramin ƙarshe ne, mai magani mafi ƙarfi, inda bai kamata a ga mai rai ba. Suna nan. Suna ninƙaya cikin maganin kamar kifi a kududdufi, ba gaggawa, ba alamar ciwo. Ɗaya ta ratso ta tsakiyar hasken, ta tsaya, ta karkaɗa kai hagu da dama. Na san ba ta da ido. Amma wallahi ji na yi kamar ni take nema.

Na ce, “Wane irin abu ne wannan da ba ya mutuwa?”

Ta ce, “Da can yana mutuwa, Inna. Mu muka koya masa.”

Wannan ta kawo ni magana ta biyu, kuma ita ce mai nauyi, don ta shafe mu duka.

Ku faɗa mini, mata, in ɗayarmu ta aika kasuwar Kurmi aka sayo mata farar ƙwayar nan babba ta maganin tsutsa, me take yi? Takan ɗora a kan turmi ta karya. Rabi ta ba ragonta, rabi ta miƙa ta saman katanga. Maƙwabciya ta sake karyawa, ta ba tunkiyarta, ta aika wa ƙanwarta da ragowar. Ƙwaya ɗaya sai ta zaga gida uku. Haka muka taras iyayenmu suna yi da gishiri da kanwa da garwashin wuta, haka muka yi da magani. Wace ce a nan za ta iya ba dabbarta ƙwaya sukutum alhali tana jin tunkiyar maƙwabciya na nishi a bayan bango? Zumunci ne, ba wanda zai ce mugunta ce.

To amma ga abin da yarinyar ta nuna mini. Gutsuren magani ba ya kashe tsutsa duka. Raunanan yake kashewa, ya bar masu taurin rai. Masu taurin ran su yi ƙwai, ƙwan ya fita a kashi, ya ƙyanƙyashe a bakin kududdufi inda ake yanko mana ciyawa, ya dawo cikin dabbobinmu. Mu sake karya ƙwaya, ta sake tace su. Shekara da shekaru muna tankaɗe su kamar gari, muna zubar da masu laushi muna ajiye tsakin. Yau tsakin ne ya cika unguwa. Ko ƙwaya sukutum ka ba rago, kamar ka ba shi alli ne.

Shi ya sa kuka ga abin da kuka gani a daminar bara da ta bana. Rago yana cin dusa amma yana zubewa. Ka ja fatar idonsa ka ga ciki fari fat, ba ɗigon ja. Ƙasan haɓarsa ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Ba ya kuka, ba ya shure-shure. Ka tashi da safe ka tarar ya kwanta a gindin turke kamar mai barci. Jininsa aka shanye daga ciki, a hankali, ba ƙara. Wannan shirun ne ya tsorata mu har muka fara duban juna.

Yaya 'Yardada, ga ki nan a sahun gaba, kuma ke kika kai ƙarar. Ban zo in ci fuskarki ba. Ke kika yi mini wankan jego da na haife ta, ke kika fara goya ta. Ragunanki uku ne suka tafi, waɗanda kika ci burin Sallah a kansu, kuma gaskiya ne sun tafi bayan ta ɗebi kashinsu. Amma ki tuna abin da ya kai ta gidanki. Ke kika leƙo ta katanga kika ce, “Hajo, turo mini likitar nan taki, na ba su ƙwaya har sau biyu ba su tashi ba.” Ciwon ya riga ta shiga. Ita sawunsa ta biyo. Gidajen da aka fi rashin lafiya su ta fara bi, shi ya sa gidajen da ta bi su aka fi yin asara. Mai bin sawun ɓarawo aka tarar a bakin ƙofa, aka ce shi ne ɓarawon.

Magana ta uku, ranar da ta fita, da yadda aka yi kwalaben suka samu zare.

Da safe ne. Ta gama duba farantinta ta ce, “Inna, akwai wani magani na ruwa a wurin aiki, ina jin shi zai ci na gidan Yaya 'Yardada. Bari in je in ɗebo in gwada kafin a rufe hanya.” Ta sa hijabi, ta kai bakin ƙofa, ta juyo ta ce, “Kada ki bari kwalaben nan su bushe. Ki riƙa ɗiga musu ruwa, ki sa su inda ke da sanyi.” Na ce, “Ni kika mayar mai renon tsutsa?” Ta ce, “Jikokinki ne, ki riƙe su da kyau.” Muka yi dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Kun ji ƙarar bam ɗin da ya tashi ranar. Kwanukana da ke jere a kan kabad sai da suka yi kuka. Adaidaita-sahun da ta shiga yana kusa da wurin. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, waɗanda suka yi mata wanka suna cikinku.

Sai aka sa dokar hana fita dare da rana. Ku da kuka zauna cikinta kun sani, amma ban san ko kun ji ta yadda na ji ba. An haife ni a garin nan, ban taɓa sanin Kano tana iya yin shiru ba. Rana tsaka, ba mai tallan fura, ba amon taɓarya, ba guduma daga wajen maƙera, ko kiran salla a ƙasa-ƙasa ake yi. Masu zaman makoki ba su samu zuwa ba. Ni kaɗai a gida, farar rigar aikinta na rataye a ƙusa. In iska ta shigo ta taga sai hannun rigar ya ɗaga kaɗan ya koma.

A cikin wannan shirun na tuna da saƙonta. Na kwashe kwalaben na jera ƙarƙashin randa, inda ƙasa ke da laima. 'Yan takardun da ta liƙa a jikinsu laima ta jiƙa su suka soma ɓantarewa, rubutun ma na Turanci ne, ba na iya karantawa. Amma na san kowace kwalba da gidan da ta fito, don a gabana aka cika su. Na ji tsoron kada su rikice mini. Sai na jawo kwandon ɗinkin hulata na ɗaure kowace da zare. Ja, gidan Liman. Kore, gidan Yaya 'Yardada. Baƙi, nawa. Abin da masu zuwa gaisuwa suka hango ke nan daga baya, kwalba da zare a gindin randa, a ɗakin da aka yi rashi. Ban ga laifin wadda ta tsorata ba. Da ni na gani a ɗakin wata, da na karanta Ayatul Kursiyyu na fita da baya.

Kullum da hantsi nakan ɗauko su ɗaya-ɗaya, in ɗiga ruwa, in ɗaga saitin taga. Kullum suna nan a jikin gilashi, suna hawa. Gari ya tsaya cik, 'yata tana ƙarƙashin ƙasa, su kuwa ba abin da ya dame su. Ba ci, ba sha, sai jira. Wata rana na tsane su har na ɗaga kwalba zan rotsa da bango. Wata rana kuma in ji ba ni da wani mai motsi a gidan sai su. Na ajiye su ne saboda ita ta ce in ajiye, ban san ko za su yi wani amfani ba.

Ashe za su yi. Da hanya ta buɗe Malama Larai ta zo mini gaisuwa, na nuna mata. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka, ta ce, “Inna, kin san abin da kika riƙe?” Ta koma ta kawo maganin ruwan nan, wanda aka fita nema ba a dawo ba, ta yi gwajin a bakin tagar nan tawa. Farar ƙwaya ba ta taɓa su ba, a duk kwalaben. Maganin ruwa kuwa ya kashe na wasu gidaje tun daga ramukan farko, na wasu gidajen sai can gaba. Kowane turke da irin tsutsarsa. Shi ya sa ba za ta iya tsayawa a nan ta ce kowa ya sayi kaza ba. Sai ta gwada na gidan kowace kafin ta san abin da zai yi mata. Gidaje kaɗan marigayiya ta samu bi, na cikin kwalaben kuma sun soma raguwa. Ga damina ta yi nisa, ga Babbar Sallah na matsowa, na kuma ga idon ragunan wasunku da kuka ɗaure a ƙofar gida. Sun fara fari.

Ba na roƙon a yarda da ni. Gani ya kori ji. Malama Larai ta kafa madubin a kan tebur can inda rana take, ta sa farantin da ta haɗa jiya daga kwalba mai koren zare. Ranka ya daɗe, in ka ba da izini, ina so mutum ɗaya ya zo ya leƙa.

Yaya 'Yardada, na ga kin gyara mayafi. Taso mana. Ba ya cizo, ni ma da farko sai da na yi a'uziyya. Ku ba ta hanya. Rufe ido ɗaya, Yaya, kada ki taɓa ƙarfen. Wannan ramin farar ƙwaya ce a ciki, mai ƙarfin gaske.

Kin ja da baya. Haka na yi. Sake dubawa. Suna motsi ko? Na turkenki ne. Ragunan sun tafi tun tuni, abin da ya ci su yana nan da ransa.

Malama Larai, matsa mata zuwa ɗayan. Wannan kuma maganin ruwa ne, Yaya, wanda ta fita ɗebo miki. Me kika gani?

Na baya ba ku ji ta ba. Ta ce a miƙe suke duka, kamar an watsa allurai.

Bar hawayen su zubo, Yaya, kada ki rufe fuska. Ni ma ban gama nawa ba. Ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba, yau kin sani. Me kika ce? Ɗaga murya Mai Unguwa ya ji, ke kika kai ƙarar, ke za ki faɗa.

Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Ta ce a fara da gidanta.

To ga roƙona ga sauran, abu biyu ne. Na ɗaya, daga yau kada wadda ta sake karya ƙwaya. In kina son maƙwabciyarki, ki raka ta a duba dabbarta a ba ta nata cikakke. Gishiri da garwashi mu ci gaba da miƙawa ta katanga, magani kuwa a bar shi sukutum. Na biyu, Malama Larai sabon kashi take so, wanda bai sha rana ba. Na san ba macen da ke son baƙo ya tarar da turkenta ba shara. Amma duk wadda ta yarda, gobe da safe ta jingine tsintsiya, kada ta share sai an zo an ɗiba. Ba sai kin yi magana ba. In Malama Larai ta leƙa ta ga ba a share ba, ta san an yi mata izini. Nawa tun yau ban share ba.

Hukunci na Mai Unguwa ne da dattawa. In an gama gwajin, ni da kaina zan tafasa ruwa in juye a kwalaben nan, in kwance zarena in mayar kwando. Na gaji da renonsu.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya. Allah ya mayar mana da hayaniyar Kurmi da amon taɓarya. Allah ya sa duk wanda ya fita da safe ya dawo ya tarar da mai jiransa. Allah ya raba mu da zato, ya raba dabbobinmu da abin da ke cin su a ɓoye. Allah ya ji ƙan waɗanda suka fita ba su dawo ba, na gidanku da na gidana.

Malam Liman, in za ka rufe mana da addu'a, ka sa ta a ciki. Kunyar 'yar fari ta hana ni kiran sunanta tana raye, ko sau ɗaya ba ta ji shi a bakina ba. An ambace shi a unguwar nan da abin da ba ta yi ba, to bari yau ni ma in ambata, a gaban kowa. Sunanta Indo. Indo 'yata.

Allah ya kai kowa gida kafin a rufe hanya. Na gode.